Sokratis da ya ƙi guduwa daga kurkuku: adalci ne ko taurin kai?

Baban Khalifa: Jama'a ni fa har yanzu ban yarda abin da Sokratis, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya yi hikima ba ce. Shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen garinsu, birnin Atina, suka yanke masa hukuncin kisa, wai bai yarda da allolin gari ba kuma yana lalata tarbiyyar matasa. Abokinsa Kirito, attajiri, ya shirya komai, kuɗin da za a ba masu gadi, har inda zai sauka a yankin Tesaliya in ya gudu an tanada, mutumin nan ya ce ba inda za shi, ya zauna ya sha guba. Ga 'ya'ya uku, biyu ƙanana. Wannan taurin kai ne wallahi.

Maman Amira: Ni ma abin da ya fi ci min rai kenan, yaran. Shi kansa Kirito ai ya faɗa masa, ka haife su sannan ka tafi ka bar su marayu? Kuma ya ce mutane za su riƙa cewa mun fi son dukiyarmu a kan abokinmu. Wanda ya tsaya maka haka ba a watsa masa ƙasa a ido.

Malam Habu: A'a Hajiya, a duba amsar da Sokratis ya bayar tukuna. Cewa ya yi ba a rama zalunci da zalunci ko da kai aka zalunta. Shekara 70 yana garin nan, dokar garin ce ta ɗaura auren iyayensa, a ƙarƙashinta ya tashi ya yi karatu, ƙofa a buɗe take bai taɓa ƙaura ba, sai ranar da hukunci ya faɗa kansa zai ce dokar ba ta da amfani ya ba masu gadi cin hanci ya sulale da dare? To me ya rage na abin da ya yi ta koya wa matasa a kasuwa?

Baban Khalifa: Malam da girmanka, amma hukuncin ai na zalunci ne. Alƙalai kusan 500, shi da bakinsa ya ce da ƙuri'a 30 sun juya da an sake shi. Ka ba da ranka a kan wannan?

Malam Habu: Ba makauniyar biyayya yake ba fa. Lokacin da wasu azzaluman shugabanni 30 suka riƙe mulkin Atina sun aike shi ya kamo wani mutum mai suna Liyon daga tsibirin Salamis don a kashe shi, sauran huɗun da aka haɗa su suka tafi, shi ya wuce gida abinsa. Wato in an ce ya cuci wani ba zai yi ba, amma in shi za a cuta zai tsaya ya ɗauka.

Ɗan Zariya: To Aristotal fa, shi ma masanin falsafa da ya zauna a Atina? Bayan mutuwar sarki Iskandar Mai Girma a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) irin wannan tuhumar ta raina alloli aka taso masa da ita, ya tattara ya koma garin Kalkis. Kenan shi matsoraci ne?

Malam Habu: Shi ba ɗan Atina ba ne ƙanena, baƙo ne daga garin Istagira, kuma kafin a yanke hukunci ya fita. Sokratis ma da a gaban kotu ya nemi a kore shi daga gari da wataƙila sun yarda, bai nema ba.

Maman Amira: To ka ga kenan yana da hanyar halal ta tsira ya ƙi bi. Nan ne ni dai ban gamsu ba Malam. Kusan wata guda yana tsare ana jiran jirgin ibadarsu ya dawo daga tsibirin Delos kafin a zartar da hukuncin, kullum abokai na zuwa, duk wannan lokacin bai sake tunani saboda matarsa Zantifi da yaranta ba?

Baban Khalifa: Tambayar da nake so a amsa min kenan, haƙƙin gari aka yi ta lissafawa, na iyali fa wa ya biya shi?