Saura shekara shida in ajiye aiki, ku ba ni shawara

Baban Hafsat (Agege): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata 54, ina aikin sito a wani kamfani a Apapa, nan Legas, saura shekara shida in ajiye. Gidan haya nake, yarana biyu suna sakandare, ga fili a Funtuwa ko harsashi ban sa ba. Wallahi abin nan yana hana ni barci.

Malam na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Yaya, kafin komai ka je ofishin kamfanin da ke riƙe da fanshonka, ka ce a buga maka bayanin asusunka tun daga farko. Dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga albashinka, kashi 10 daga wanda kake wa aiki. Inda na taɓa aiki, wata da watanni ana yanka a takardar albashi amma ba a zubawa. Ban farga ba sai da na zauna da biro ina bin watannin ɗaya bayan ɗaya, daga nan na kai kuka PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa. Ka kuma tabbatar sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Harafi ɗaya yana iya sa dattijo ya yi ta zirga-zirga.

Baban Hafsat (Agege): Allah Ya saka. Ni dai saƙon da suke turowa a waya kawai nake kallo. Amma maganar kuɗin ruwa a fanshon fa? Zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Malam na Idi-Araba: Akwai asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa, Fund VI suke ce masa, tun 2021. Ka nemi a mayar da kai can. In kana da ɗan rara kuma, gwamnatin tarayya na fitar da Sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 2017, da naira dubu goma ana shiga.

Hajiya Mai Atamfa (Balogun): Baban Hafsat, ni ginin nan ne ya dame ni. Kada ka jira kuɗin sallama. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka ga yadda siminti ya tashi. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya yi ta cewa sai ya tara ya yi gaba ɗaya, har Allah Ya karɓi abinsa muna haya a Mushin. Ni da adashi na fara: wannan kwasa bulo, waccan kwano, wata ƙofa da taga. Ɗaki biyu da banɗaki sun ishe ka shiga. Sai dai ka riƙa zuwa da ƙafarka kana gani. Aike ba ya gina gida, ko ɗan uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗan Gwari na Mile 12: Gaskiya ne Hajiya. Amma ku tambaye shi, komawa zai yi da gaske? Mun ga dattawa sun tattara sun tafi, wata shida sun dawo. Abokan hira duk suna nan, yaran kuma Yarbanci ya fi zama a bakinsu.

Baban Hafsat (Agege): Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Uwargida ta ce ita Funtuwa sai dai ziyara.

Hajiya Mai Atamfa (Balogun): To ku zauna ku yi magana tun yanzu, ba sai an ɗaure kaya ba. Ka kai su hutun ƙarshen shekara su yi wata guda, kai ma ka gwada zaman majalisar can. Ka kuma kama wata sana'a tun kana da albashi, ko sarin hatsi ne, ai Funtuwa garin masara ne. Namijin da ya saba fita da asuba, in ya zauna haka kawai ciwo ne ke biyo baya.

Ɗan Gwari na Mile 12: In hatsi ne ka zo kasuwa ranar Asabar, in haɗa ka da masu sauke kaya daga Dawanau da Dandume, ka ji yadda lissafin mota yake.

Baban Hafsat (Agege): In sha Allahu zan zo bayan azahar. Ofishin fansho kuma ranar Litinin. Malam, me da me zan riƙe?

Malam na Idi-Araba: Takardar NIN, lambar asusun fanshonka, da takardun albashi duk wanda ka samu, har tsofaffin.