Wai ya kuke yi da koyarwa ta hanyar nuni idan aji ya cika maƙil?

Sabuwar_Malama:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga wannan aiki. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare nan cikin Jos, JSS 2 nake ɗauka, kuma ban daɗe da gama NCE ba. Lokacin da muke makaranta kullum maganar malamanmu ɗaya ce, kar ki tsaya gaban allo kina ta zuba, ki nuna wa yara abu su gani da idonsu, har a TP ma, wato lokacin gwajin koyarwa, in sufabaiza ya shigo bai ga kayan koyarwa a hannunki ba to makinki ya tafi. To yanzu ga ni a aji, yara sun haura 80, benci ɗaya mutum biyar, firiyod minti 40 ne kuma kafin su natsu minti 10 ta wuce, ɗakin gwaji kuwa yana nan amma a kulle wai na 'yan SS ne.

Ran da na kawo kyandir da kofin gilashi don in nuna musu wuta ba ta ci sai da iska, 'yan gaba ne kawai suka gani, na baya suka taso suka yi min rumfa wasu har kan benci, aka ture wata yarinya ta fara kuka, kafin in mayar da kowa wurinsa an kaɗa ƙararrawa. Washegari da na tambaya me ya kashe kyandir ɗin, da yawansu cewa suka yi kofi ne ya danne shi. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Abokan aikina sun ce in daina wahalar da kaina, in rubuta not a allo su kwafa, haka kowa ke yi kuma yara na cin jarabawa. Ni dai hankalina bai kwanta da haka ba. Shin akwai dabarar yin nuni a irin wannan ajin, ko kuwa wata hanya zan kama?

Tsohon_Malami_Bukuru:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika damu, damuwar nan ita ce jarinki, kar ki bari a cire miki ita. Na koyar da kimiyya har na yi ritaya, kuma mu ne muka ga ambaliyar yaran da UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta kwaso, don haka cikar aji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A takarda dai an ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ke ma kin ga abin da ke ƙasa.

Abin da ya faru ran kyandir, kin kunna ne kafin yaran su san me za su duba. Yaro in bai da tambaya a kansa to kallo kawai zai yi kamar ana wasan dabo. Kafin ki taɓa ashana ki ɗaga kofin ki ce in na kifa wannan a kan wutar me zai faru, kowa ya rubuta amsarsa a littafi, layi ɗaya, sannan su ɗaga hannu, masu cewa za ta mutu nan take, masu cewa za ta ci gaba da ci, masu cewa sai ta ɗan jima. Ki rubuta adadin kowane ɓangare a allo. Daga nan kowa ya sa kansa a ciki, yana so ya ga ko shi ne da gaskiya, kuma za ki ga ajin ya yi tsit ba tare da kin ɗaga bulala ba. Sannan ki kawo kwalabe biyu, ƙarama da babba mai faɗin baki irin ta bama, ki kifa su lokaci guda kan kyandir biyu, yara su riƙa ƙirgawa da ƙarfi. Ta ƙaramar za ta riga mutuwa. To a nan ne maganar "kofi ya danne" take rushewa da kanta, don duk biyun an rufe su, me ya sa ɗaya ta daɗe? Su za su ce miki iskar ciki ta fi yawa.

Batun gani kuwa, ki ɗora kujera kan tebur ki yi abin a sama, kuma ki yi shi a tsakiyar aji ba a gaba ba, ki maimaita sau biyu. Doka ɗaya, wanda ya tashi ba a kira shi ba an tsaya. Karo na uku kuma ba ke za ki yi ba, ki kira yarinya daga can bencin ƙarshe ta yi da hannunta tana faɗin abin da take yi.

Kuma ki manta da ɗakin gwajin nan tukuna, kasuwa ta ishe ki. In kin zo darasin asid da alkali ki jiƙa zoɓo zalla ba sukari ba citta, ki sirka shi da ruwa sosai ya yi haske, don in ya yi kauri ba za a ga canjin ba. Ki zuba a kofunan roba masu haske guda uku. Ɗaya ki bar shi haka, ɗaya ki matsa lemun tsami zai ƙara ja ya yi haske, ɗaya ki zuba ruwan kanwa, a gaban idonsu zai juye ya yi duhu ya koma kore-kore. Sai ki ɗauki wannan koren ki riƙa ɗiga masa lemun tsami, zai ɗan yi kumfa sannan jan ya dawo. Daga nan ki tambaye su me ya sa iyayenku mata ke jefa kanwa ko ruwan toka a miyar yakuwa, za ki ji 'yan mata sun amsa baki ɗaya wai don ta kashe tsami. Shi ke nan sun riga sun san darasin tun daga gida, suna kawai za ki ba shi. Wannan kam kowane rukuni na iya yi da kansa don ba wuta ba haɗari, illa ki hana su sha.

Malamin_Islamiyya_Rikkos:

Baba Allah ya ƙara lafiya, kun gama magana. Malama ni ba ɗan boko ba ne sosai amma abin da kike tambaya mu a Islamiyya shi ne aikinmu na kullum. Alwala ba ta koyuwa da baki. Kana iya sa yaro ya haddace farillan alwala da sunnoninta tas, ka ba shi buta ka ga ya bar dunduniya a bushe ko ya tsaya bai kai gwiwar hannu ba. Shi ya sa muke fita da su tsakar makaranta, in yi a gabansu a hankali, sannan in raba su biyar biyar kowane rukuni da butarsa da babba ɗaya a cikinsu, ɗaya na yi huɗu na duba shi suna gyara masa, ni kuma ina zagayawa. Kuma wannan ba dabararmu ba ce, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ku yi sallah kamar yadda kuka ga ina yi, kuma Sayyadina Usman (RA) ruwa ya sa aka kawo ya yi alwala mutane na kallo don ya nuna musu yadda ya ga Annabi ya yi.

Sai dai ina roƙon malaman zamani a daina raina hadda da maimaitawa. Akwai abin da ba ya zama sai an biya an sake biyawa, kamar jadawalin sau da haruffa. Nuni na buɗe wa yaro kai, maimaici ke sa abin ya zauna, in kin bar ɗaya kin yi rabin aiki. Ki nemo manyan yaran ajin nan masu kai ki koya musu tun kafin darasi, lokacin tara ko bayan an tashi, su ne za su riƙe miki rukunai.

Malamar_Kemistiri:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Ni zan ɗan saɓa kaɗan, ba don ban yarda da maganar su Baba ba, sai don kar ki ɗora wa kanki abin da zai sa ki gaji ki ajiye duka. Akwai manhaja a kanki, akwai sikim, wato jerin darussan zango, da za a duba ko kin cika, akwai jarabawar JSS 3 tana jiran yaran nan, kuma da yawansu ba su da littafin karatu a gida, wannan not ɗin da ake rainawa shi kaɗai ne abin da za su buɗe da daddare. Don haka not dole ne, abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da shi kuma a ƙare da shi. Ni nakan yi gwajin tukuna, sannan mu haɗa not ɗin tare, ina tambaya suna ba ni jimla ina gyarawa ina rubutawa, gajere, abin da bai wuce rabin allo ba. Kuma ba kowane darasi ne ke son nuni ba, in kin samu ɗaya mai kyau a mako ya wadatar. Darasi irin na shaye-shaye ko gurɓatar muhalli tattaunawa ya fi so, ki jefa musu tambaya kan bolar da ke toshe magudanar ruwa a unguwarsu da damina ki ga yadda baki zai buɗe, har wanda bai taɓa magana a aji ba.

Amma abin da ya fi ƙona min rai, yaran da ke zuwa min SS 1 ba su taɓa riƙe komai da hannu ba. A firaktikal na WAEC da NECO ba mai tambayarka ka ga malama ta yi, biret za a ba ka da fifet, wato bututan gilashin awon ruwa, a ce ka auna, ka ga yaro hannu na rawa, yana karanta ruwan daga sama maimakon ya daidaita idonsa da layin, ko ya saki famfon asid ya zubo ya wuce inda launi ke juyawa. Ya sha kallon ana yi, shi ne bai taɓa yi ba. To ke da kike JSS ki taimake mu, ko da sirinjin kemis ne marar allura da robar ruwa, su saba da awo.

Wani abu kuma, mu 'yan Jos Allah ya ba mu abin kai yara su gani. Gidan tarihi na nan tun 1952, ga kawunan Nok a ciki, wato siffofin kan mutum na yumɓu da mutanen da suka ƙera, waɗanda masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su, ga kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya a bayansa. Darasin zaizayar ƙasa ba sai kin zana ba, tsofaffin ramukan kuza sun isa misali, amma fa daga nesa, kar ki kuskura ki kai yara bakin kududdufan nan don suna da zurfi kuma suna cin rai. Fita irin wannan sai da izinin shugaban makaranta da sa hannun iyaye a rubuce.

Baban_Yara_Bauchi_Road:

Ni makanike ne, yarana uku na makaranta. Malama a garejinmu yaro sai ya daɗe yana miƙo sifana yana kallo, amma ba ma cewa ya iya sai ran da oga ya koma gefe ya ce kwance wannan ka mayar. Roƙona gare ku ɗaya ne, in kuna nuna musu abu ku riƙa sa musu Hausa a ciki. Ɗana ya dawo yana rera min dogon turanci kan batir, na ɗauko batir da waya da ƙwan fitila na ce haɗa, ya tsaya yana kallona, da na yi masa bayani da Hausa nan take ya haɗa ta kama. Na san ajin Jos gauraye ne, ga Birom ga Afizere ga Anaguta ga Yarbawa da Ibo, amma ai yawancinsu da Hausar suke wasa a waje. A fahimtar da su tukuna sannan a ba su sunan abin da turancin da za su rubuta a jarabawa.

Sabuwar_Malama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba zoɓon nan zan fara da shi in sha Allah, kuma zan raba su rukuni kamar yadda Malam ya ce. Sai dai mako mai zuwa darasin zafi ne da tafasar ruwa, littafi ya ce digiri 100, na samu aron ma'aunin zafi guda ɗaya tak wurin malamin SS. Shi ma in ba yara su yi ne?

Tsohon_Malami_Bukuru:

A'a 'yata, duk abin da ya haɗa da risho da tafasasshen ruwa ke za ki yi da kanki, risho a ƙasa a ƙofar aji ko a waje, ki ja layi da alli kar kowa ya tsallaka, yara biyu biyu su riƙa zuwa suna karanta ma'aunin yana hannunki suna faɗa wa mai rubutu a allo duk bayan minti ɗaya. Kar ki bari kan ma'aunin ya taɓa gindin tukunya, a tsakiyar ruwa za ki riƙe shi. Kuma ki shirya, ba za ki ga 100 ba. Jos na kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, nauyin iskar da ke danna ruwan bai kai na Legas ba, don haka a nan ruwa kan tafasa ne a wajen digiri 96, kuma ko kin ƙara wuta a nan zai tsaya. Yara za su ce ma'aunin ya lalace ko littafi ya yi ƙarya, kar ki yi saurin ba su amsa, ki bar su su yi musu na ɗan lokaci sannan ki tambaye su wa ya taɓa zuwa Lafiya ko Abuja, da mota ta baro Jos hawa take yi ko gangara. Ki gwada shi a gida tukuna ki ga minti nawa ruwan ke ɗauka, ki rage yawansa yadda zai tafasa cikin minti 10, in ba haka ba ƙararrawa za ta riga ki.