Tambaya: Da wane lissafi za a gwada siffar duniya daga nan Kano?

Aminu, Gwale:

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a cikin birni, kuma ɗalibaina sun taso ni gaba da bidiyoyin da ke yawo a Facebook masu cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Na nuna musu hotunan da aka ɗauko daga sararin samaniya, sai wani yaro ya ce hoto kowa na iya haɗa shi da kwamfuta, kuma ban ga laifinsa ba. Ina neman gwajin da za mu yi da hannunmu a filin makaranta, mu fitar da lambobi. Kano ba ta da teku balle mu kalli yadda jirgin ruwa ke ɓacewa daga ƙasa zuwa sama, kuma ko daga kan Dala, hazo da gine-gine ba sa bari a ga iyakar ƙasa. Me ya rage mana?

Injiniya Bashir, Fagge:

Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Sanda da inuwarta sun isa, kuma da su masanin Girka Eratostenis ya yi aiki a Masar wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya san akwai ranar da ba a ganin inuwa da tsakar rana a Aswan, alhali a Iskandariyya, can arewa, inuwa tana nuna kusurwar da ta kai kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya sami kewayen duniya.

Mun yi sa'a, domin Kalaba tana kudu da Kano kusan saiti ɗaya, kuma nisansu a miƙe, ba ta hanyar mota ba, ya kai kimanin kilomita 780. Ka nemi malami a can ku zaɓi ranar da dare da yini suke daidaita, 20 ko 21 ga Maris. Kowa ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a kan daɓe mai lebur, ya tabbatar ta tsaya cak ta hanyar rataya zaren da aka ɗaura wa dutse a gefenta. Kada ku jira ƙarfe 12 na agogo, domin a wannan lokaci zawali a Kano yana kamawa ne wajen ƙarfe 12:33. Yara su riƙa ɗiga alli a kan inuwar duk bayan minti biyar har su ga inda ta fi gajarta. A Kano za ku sami kusan santimita 21, wato digiri 12, a Kalaba kuma ƙasa kaɗan da santimita 9, wato digiri 5. Bambancin digiri 7 ne. A raba 360 da 7, a ninka da 780, za a sami kimanin kilomita 40,100, alhali sanannen adadin idan aka bi ta kan ƙarshen duniya biyu na arewa da kudu shi ne 40,008.

Malama Hadiza, Tarauni:

Injiniya, lissafinka daidai ne, amma yaron da ya ƙi yarda da hoto zai iya kayar da shi, kuma gara Malam Aminu ya shirya tun yanzu. Eratostenis bai tabbatar da cewa duniya mulmulalliya ce ba. Ya ɗauka hakan ne, tare da ɗaukar cewa rana tana da nisa ƙwarai, sannan ya auna girma. Mai cewa ƙasa a shimfiɗe take zai amsa da cewa rana ce ƙarama kuma tana kusa, shi ya sa inuwar ta bambanta, kuma da garuruwa biyu kaɗai babu yadda za a yi da shi.

Maganin shi ne a karɓi maganarsa, a tambaye shi tsayin ranar. A wannan ranar ta Maris, rana tana saitin layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, don haka idan ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta shi ne nisan gari daga ikwaita, a ninka da tsawon sanda, a raba da tsawon inuwa. Kano tana da nisan kimanin kilomita 1,330, inuwarta kuwa 0.213 na sanda, sai rana ta kasance a tsayin kusan kilomita 6,250. Alƙahira tana kan digiri 30 arewa da ikwaita, nisanta kimanin kilomita 3,320, inuwarta santimita 58, amsar kuma ta sauko zuwa wajen 5,750. Landan tana kan digiri 51.5, nisanta ya haura kilomita 5,700, inuwarta santimita 126, sai tsayin ya koma wajen 4,550. Rana ɗaya ba za ta zauna a tsayi uku ba. Idan kuwa aka ɗora waɗannan lambobi a kan ƙwallo, kowane gari yana ba da kimanin kilomita 111 ga kowane digiri, babu mai kaucewa. Abin lura shi ne dole gari na uku ya yi nisa sosai, domin Jos ko Damagaram ba za su ba da bambancin da ya fi kuskuren awo ba. Ba a rasa ɗan Kano mai karatu a Alƙahira ko Ingila da zai auna muku.

Malam Nasiru, Ƙofar Mata:

Allah ya saka wa Malama. Ina so ɗalibai su san cewa wannan awo ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Halifa Ma'amun ya tura masana filin Sinjar, cikin Iraƙi ta yau, wajen shekarar 830 suka auna tsawon digiri ɗaya, daga baya kuma Biruni ya hau tudu a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna yadda iyakar ƙasa ke sunkuyawa, ya fitar da nisa daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya da ya yi kusa ƙwarai da kilomita 6,371 da aka sani yanzu. Hanyarsa ba za ta yi a Dala ba, domin daga tsayin mita 50 sunkuyawar ba ta kai rubu'in digiri ba. Amma akwai shaidar da kowane mai azumi ya sani: Maiduguri tana riga Kano shan ruwa da kusan minti 18, saboda duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa rana ba za ta nutse wa wasu ba alhali wasu suna kallonta. Sai dai ta yi ta ƙanƙancewa tana nisa, alhali a zahiri girmanta bai canzawa daga hantsi zuwa almuru.

Injiniya Bashir, Fagge:

Na karɓi gyaran Malama. Ƙarin da zan yi na aiki ne. Kuskuren santimita ɗaya a inuwar sanda mai mita ɗaya ya haura rabin digiri, wanda zai kawar da amsar Kano da Kalaba da kimanin kilomita 3,000, don haka sanda mai mita biyu ta fi, kuma a yi awon da tef ɗin magina, ba na tela mai miƙewa ba. Ku riƙe Maris, domin a ranar 22 ko 23 ga Satumba gajimare zai iya rufe Kalaba gaba ɗaya. Idan wancan malamin bai samu ba a Maris, ku jira wajen 22 ga Afrilu, lokacin da rana ke tsayawa saitin Kano: inuwarku za ta kusan ɓacewa da zawali, tasa kuma za ta karkata kudu da digiri 7 ɗin nan.