Gajeriyar hanya ce ta fi sauri a intanet?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Ni dai ina nan kan bakana, a sadarwa mai nisan zango hanyar da ta fi gajarta ita ce ta fi. Haka aka koya mana a OSPF, tsarin da na'urorin sadarwa ke zaɓar hanya da shi, da lissafin gano gajeriyar hanya na Dijkstra na 1959. Haske a cikin kebul yana cin kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa, duk nisan da aka ƙara kuwa jinkiri aka ƙara.

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. OSPF a cikin kamfani ɗaya yake aiki. Da zarar saƙo ya fita zuwa wani kamfani sai BGP, tsarin zaɓar hanya tsakanin kamfanoni, ya karɓa, shi kuwa babu ruwansa da kilomita. Yawan kamfanonin da za a ratsa yake ƙirgawa, kafin nan ma sai ya duba wace hanya mai kamfanin ya fifita, wanda galibi mai araha ce. Shi ya sa saƙo tsakanin ƙasashen Afirka biyu kan zaga ta Landan.

Ɗalibi: To ai Yaya ka goyi bayana ke nan! Zagayen nan ne cutar. Don haka aka kafa cibiyar IXPN a Legas, kamfanoni su yi musayar saƙo a gida.

Malama: A nan ka yi gaskiya, amma ka manta da cunkoso. Gajeriyar hanya in ta cika, saƙonni layi suke bi a cikin na'ura, in wuri ya ƙare a zubar da wasu, sai an sake turowa. Doguwar da babu kowa ta fi ta nesa ba kusa ba.

Ɗalibi: Sai na'ura ta riƙa auna cunkoson tana kaucewa, Malama.

Malama: An gwada a ARPANET, magabaciyar intanet, a shekarun 1980. Kamar direbobi ne su ji an ce wancan titin babu gosulo, kowa ya kwarara can, ya toshe, su sake juyowa gaba ɗaya. Haka saƙonni suka dinga kai-komo in lodi ya yi yawa, har sai da aka gyara ma'aunin. Yau manyan kamfanoni raba lodin suke yi da gangan, ta MPLS, tsarin tura saƙo ta hanyar da aka zaɓa masa, da makamantansa.

Injiniya: Ka kuma tuna 14 ga Maris 2024, ranar da kebul ɗin intanet na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a teku ta wajen Kwadebuwa. Wanda ke da wata hanya a ajiye, komai nisanta, shi ya samu sauƙi.

Malama: Ni abin da ya fi damuna ma yarda ce. BGP yakan gaskata duk wanda ya ce yana da hanya. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne ya karkatar da saƙonnin Google ta Rasha da China sama da awa ɗaya. Shi ya sa nake matsa wa kamfanoninmu su rungumi RPKI, tsarin tantance mai adireshin intanet, da tace sanarwar hanya da wasu kamfanoni ke turo musu.

Ɗalibi: Na yarda da batun ajiyar hanya. Amma a kiran bidiyo, in babu cunkoso, har gobe gajeriyar nake zaɓa. Yaya, RPKI zai iya tare irin na 2018?

Injiniya: Shi kaɗai, a'a. Mai adireshin yake tantancewa, ba hanyar da aka bi ba. Tacewar ce za ta tare shi.