Don Allah a ba ni shawara: shaidar gaggawa ga mai gudun motsa jiki

Mai tambaya: Salam 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina fita gudu da asuba, kilomita 7, ni kaɗai, tun da likita ya ce in rage ƙiba saboda ciwon sukari. Na sauke kilo 9. Makon jiya jiri ya ɗebe ni a hanya, yanzu maiɗakina ta kafe sai na ɗaura abin hannu mai bayanina. Ni kuwa ba na son kowa ya san lalurata. Bayanin da na adana a waya bai isa ba?

Mai horarwa: Bai isa ba, ɗan'uwa. Waya tana fashewa in an faɗi, caji yana ƙarewa. Masu agajin gaggawa wuyan mutum da wuyan hannunsa suke fara dubawa. Samu farantin ƙarfe mara tsatsa a madaurin roba, a sassaƙa rubutun, don gumi yana goge tawada. Layi biyar: cikakken suna da shekarar haihuwa, ciwon, maganin da kake sha, wanda jikinka ba ya karɓa kamar penicillin, sai lambobin mutum biyu masu ɗaga waya. Kada ka sa adireshin gida, musamman in makulli na aljihunka. Kuma ba ka faɗa mana ba, allurar insulin kake yi?

Wata memba: A ƙara rukunin jini. Sannan na igiyar takalmi ya fi sirri.

Mai horarwa: A'a, Hajiya. Asibiti ba ta ƙara jini da shaidar abin hannu, sai ta gwada. In abin ya matsa sai a ƙara wa mutum jinin O negative, wanda kusan kowa ke iya karɓa. Rubuta rukunin jini ɓata layi ne. Takalmi kuma yakan fita in mota ta buge mutum.

Wani memba: Abin da ke ƙona min rai, mutane sun kulle waya ba su cika Medical ID (shafin bayanan lafiya) na iPhone ko bayanan gaggawa na Android ba, alhali ana karanta su ko wayar a kulle.

Mai tambaya: To ai na cika nawa. Jirin ma sau ɗaya ne.

Mai horarwa: Sukari in ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo, mutum yakan rikice, harshe ya yi nauyi, masu wucewa su ɗauka maye ne. Juya rubutun ta ciki, ba mai gani. Insulin ko ƙwaya?

Mai tambaya: Roba tana sa ni ƙaiƙayi, Malam. Bari dai in ga wannan makon.