Yaya zan kāre sabon fentin tankin babur kafin a gama haɗa shi?

Mai Kasea, unguwar Zariya a Maradi: Assalamu alaikum. Ina gyara tsohon babur ɗin mahaifinmu, kuma shekaranjiya mai fenti ya ba ni tanki da murafun gefe, amma injin yana wurin bakanike har mako biyu nan gaba. Ga ƙurar hunturu ta cika Maradi, shin in naɗe su cikin leda in ajiye?

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sa leda, domin fentin da ya bushe a sama bai gama bushewa a ciki ba, kuma leda tana tsare tururin sinadarin da ke fita, ta manne ta bar shati. Ka ajiye su a ɗaki mai inuwa da iska, bayan kwana uku ka lulluɓe su da tsohon zanen auduga mai laushi. Idan ƙura ta sauka, kada ka goge ta a bushe, ƙurarmu yashi ce, tana karce fenti. Ka kwarara ruwa tukuna.

Ɗan kabu-kabu: Yaya, ka kiyayi man birki da fetur. Ni digo biyu na man birki suka zubo mini ranar haɗawa, kafin la'asar wurin ya kumbura kamar ƙuna, har yau abin yana yi mini ciwo. Ka shimfiɗa tawul a kan tankin yayin ɗaure kusoshi, kuma ka jinkirta shafa man ƙyalli har wata guda ya wuce.

Mai Kasea: Na gode, Baba, na gode ƙanena. Ba zan sa leda ba.