Neman shawara: mariƙin kofunana yana tsagewa a mahaɗa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa magina. Don Allah shawararku nake nema a kan mariƙi. Na ɗan jima ina koyon ginin kofuna da ƙananan butoci, kuma jikin kofi kam alhamdu lillahi ya fara fita yadda nake so. Da na zo kan mariƙi ne aiki yake lalacewa. Ina murza yumɓu a kan katako ya yi tsawo, in lanƙwasa, in shafa ruwa a jikin kofin in manna, in shafe gefen da yatsa. A ranar ba abin da ya kai shi kyau. Da ya fara bushewa sai in ga siririn layi ya zagaye mahaɗar sama, wani lokaci kuma tsagar a tsakiyar lanƙwasar take fitowa. Waɗanda suka tsallake bushewa ma, bayan gashin farko sai in ɗaga kofi mariƙin ya biyo hannuna, wurin da ya fita sumul. Yumɓun ne ba shi da kyau, ko akwai abin mannawa da kuke sakawa?

Wani dattijon magini:
Wa alaikumus salam 'yata. Kafin mu ɗora wa yumɓu laifi, faɗa mini: lokacin da kike mannawa, yaya jikin kofin yake? Kuma a ina kike shanya su?

Mai tambaya:
Baba, ina barin kofin ya kwana a buɗe, don in na manna yana ɗanye bangon lotsawa yake. Bakin har yakan fara yin fari. Mariƙin kuwa a take nake murza shi. Shanya kuma a kan kanta ne, kusa da taga.

Dattijon:
To, ga inda gizo ke saƙar. Yumɓu yana tsukewa in ruwa na fita daga jikinsa. Daga ɗanye zuwa gashin ƙarshe, yawancinsa yakan ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma kaso mai yawa tun wajen bushewa yake tafiya. Kofin da bakinsa ya yi fari ya kusa gama tasa tsukewar, mariƙin da kika murza yanzu kuwa bai ko fara ba. Kin ɗaure kansa da ƙafarsa a jikin abin da ya daina motsi, shi kuma dole ya ja. Ina zai ja? Ko ya ɓalle a mahaɗa, ko ya tsage a tsakiya. Babu abin mannawar da zai hana wannan.

Abin da ake so shi ne danshinsu ya zo kusa da juna. Ki manna lokacin da kofin ya yi ƙwari amma launinsa bai sauya ba: in kin karce shi da farce ya ɓantaro kamar sabulu, ba ya yi gari ba, ba kuma ya manne a farcen ba. Ni mariƙan nake fara yi, in jera su su sha iska, kofunan kuma in rufe su da leda su jira. In mariƙi ya daina manne wa yatsa, kuma yana lanƙwasuwa ba tare da fatarsa ta tsattsage ba, lokaci ya yi.

Wata maginiya:
'Yar uwa, maganar Baba ita ce tushe. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wannan "sumul" da kika ce. Wurin da mariƙi ya fita ya bar shi sumul, to tun farko ba su haɗu ba, jingina kawai suka yi. Ruwa zalla santsi yake sawa. Ki samu allura ko tsohon cokali mai yatsu ki kakkarce wurin sosai, a jikin kofi da bakin mariƙin duka, layuka suna gittawa. Sai ki shafa damammen yumɓu, wanda kika jiƙa daga busassun ɓarɓashin irin yumɓun da kike gini da shi, ba wani daban ba, don kowane iri da yadda yake tsukewa. Ki sa yatsu biyu ta cikin kofin ki tallafe bangon, ki danna mariƙin kina ɗan jujjuya shi. Da farko zai riƙa zamewa, can sai ki ji ya cije. Wannan cijewar ita kike nema. Ni nakan ɗiga ruwan khal kaɗan a cikin damin, yana sa shi ƙara danƙo.

Wani ɗan uwa:
Hajiya, na yarda da karcewa, amma a yi hattara da yawan dami. Shi ya fi komai ruwa, don haka ya fi komai tsukewa. Siririn layin nan da ke zagaye mahaɗa sau da yawa a cikin damin da aka shafe gefe da shi yake fitowa. A sa kaɗan, wanda ya tsatso a ɗauke. Washegari, in wurin ya ɗan yi ƙwari, a bi layin mahaɗar da bakin itace mai santsi a danne. Wannan dannewar ta fi mini ruwan khal amfani.

Sai tsagar tsakiya. Malama, busasshen katako yana shanye ruwan yumɓu tun kina murzawa, fatar ta bushe ciki na ɗanye, da kin lanƙwasa sai ta buɗe. Ki gwada jan mariƙin maimakon murzawa. Ki cuɗa yumɓu sosai har iska ta fita, ki yi dunƙule mai kauri a sama siriri a ƙasa, ki riƙe shi a hannun hagu yana reto. Ki jiƙa hannun dama ki zagaye shi da babban yatsa da manuniya, ki shafo ƙasa a hankali, ki sake jiƙawa ki sake shafowa, kina ɗan juya dunƙulen don kada gefe ɗaya ya fi. Kada ki matse, in kin matse zai tsinke. Ƙwayoyin yumɓu fale-fale suke, jan nan yana jera su su kwanta a hanya ɗaya, shi ya sa mariƙin da aka ja ya fi jure lanƙwasa. A ƙarshe ki bi tsakiyarsa da babban yatsa ya ɗan faɗaɗa, ya fi daɗin riƙo a kan zagayayye.

Maginiyar:
Gaskiya ne, Malam, dami kaɗan ya isa. Amma murzawa ma tana yi in an shimfiɗa ƙyalle mai ɗan danshi. Ba kowa hannunsa ke karɓar ja da wuri ba, kada ta karaya.

Wata 'yar uwa:
Ba wanda ya taɓo tagar nan! Yaya, ki ɗauke su daga wurin yau ɗin nan. Mariƙi siriri ne, iska na dukansa ta ko'ina, ko danshinsu ya zo ɗaya shi zai riga bushewa. Da kin gama mannawa ki lulluɓe su ruf da leda kwana ɗaya ko biyu, danshin ya daidaita tsakaninsu, sannan ki riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Ki jera su mariƙan na kallon tsakiya. Wasu ma sukan shafa kaki a mahaɗar don ta jinkirta, ai yana ƙonewa a gashi. Kafin ki sa a wuta ki kara gindin kofin a kumatu, in da sanyi-sanyi to da sauran ruwa. Mahaɗa ta fi ko'ina kauri, ruwan da ya maƙale a nan yana kaiwa digiri 100 zai zama tururi ya fasa ta.

Ki kuma bar wa yatsu wuri. In yumɓunki na raguwa da kashi 12, tazarar santimita 4 za ta dawo kusan 3.5 bayan gashi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Saura ɗaya: waɗanda suka riga suka tsage fa, akwai gyara?

Dattijon:
Amin 'yata. In ba a gasa ba kuma tsagar siririya ce, ki dama yumɓu da jiƙaƙƙiyar takarda mai laushi har zarenta ya baje, ki ɗan jiƙa wurin ki cusa, ki rufe. Wani lokaci yana kamawa. In ta yi zurfi, ki farfasa kofin ki jiƙa, yumɓunki zai dawo ki sake gini da shi. Wanda aka gasa kuwa kada ki dogara da ruwan ƙyalli, wanda ake shafawa kafin gashin ƙarshe, ya rufe tsagar, a wuta ƙara buɗewa take yi. Kuma mariƙin da aka liƙa da gam kada ki sayar, kada ki ba kowa ya zuba abu mai zafi a ciki, don ranar da zai saki a kan cinyar mutum zai saki.